Koriyar Fitilar da Ta Ƙi Kamawa

Talata, 5 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma

Injiniya, bakanikiyar da na kai wa motar yau, ita ce ta ce in riƙa rubutawa: rana, lokaci, inda motar ta kwana, sau nawa na danna kafin ta tashi. Ta ce kada in rubuta zato, abin da ya faru kawai. To ga shi na fara. Amma littafin nawa ne, abin da na ga dama zan zuba a ciki.

Motar irin masu haɗa fetur da lantarkin nan ce, waɗanda ba sa tari ba sa gurnani. Ka taka birki, ka danna maɓalli, wata koriyar fitila ta kama a gabanka, shi ke nan ta tashi. Jiya na danna, rediyo ya kama, fanka ta kama, komai ya kama ban da koriyar. Sau bakwai. A na takwas ta kama kamar ba ita ba. Karo na uku ke nan cikin kwana goma.

Aikina ɗaya ne a gidan: Litinin, Laraba da Juma'a in kai Baba, mahaifin mai gidana, wankin ƙoda ƙarfe bakwai da rabi, in jira shi awa huɗu, in dawo da shi. Jiya mun makara da minti ashirin da biyar, saura kaɗan su ba wani gadonsa. Da muka dawo mai gida ya tare ni a ƙofa.

"Direba, ni ban san ko kai ne ko motar ba. Abin da na sani, mahaifina ba zai rasa wanki ba. In abin ya ci gaba, ɗayanku zan canza."

Bai ɗaga murya ba. Kuma gaskiyarsa. Da nawa uban ne, abin da zan faɗa ya fi haka muni. Sai dai takardar zamana a ƙasar nan a jikin aikin nan take rataye, shi ma ya sani.

Bakaniken farko ya canza ɗan makunnin da ke ƙarƙashin birki, wanda ke gaya wa motar an taka. Da abin ya dawo sai ya ce ai babban batir ne, ko buɗe bayan motar bai yi ba. Wata nas ce a asibiti ta yi mini kwatancen wannan garejin.

Na shiga na tarar da wata mace a tsugune tana goge kan batir da buroshin haƙori. Na ce, "Baiwar Allah, ina bakaniken?"

Ta ce, "Yana zuwa." Ta gama gugarta a tsanake, ta je ta wanke hannu, ta dawo ta tsaya a gabana. "Ga shi ya iso. Me ke tafe da kai, Kawu?"

Na ji kunya, sai na ci magani don kada ta gane.

Minti ashirin tana yi mini tambayoyi ba ta taɓa motar ba. Sannan ta jona kwamfutarta, ta ce motar ba ta ajiye ƙorafi ko ɗaya ba. Ta tayar da ita sau goma, sau goma ta tashi.

Na ce, "Munafuka. Don ta ga likita ne."

Ta yi dariya. "Haka suke. Amma ni ba na gyara abin da ban gani ba, Kawu. In na canza maka wani abu yau, zan ce na gyara, kai ma ka je ka ce an gyara, sai ranar da za ta kunyata mu gaba ɗaya."

Shekara talatin da ɗaya ina tuƙi. Ban taɓa jin bakanike ya ce bai sani ba sai yau.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe 6:50 na safe

Danni ɗaya. A rumfa ta kwana. Ba ruwa, ba sanyi.

Laraba, ƙarfe 12:40 na rana

Baba yana fitowa daga wanki kamar tsumman da aka matse, amma bakinsa ba ya gajiya. Ina ɗaura masa bel ya ce, "Yau amaryar taka ta huce ke nan? Me ka saya mata?"

Na ce ban saya mata komai ba.

"Shi ya sa. Kai irin mazan nan ne masu jira sai an yi yaji."

Mutumin kirki ne. Shi kaɗai ne a gidan ke tambayata sunayen 'ya'yana, kuma ba ya mantawa.

Alhamis, 7 ga wata, bayan la'asar

Uwar yara ta kira daga gida. Bayan gaisuwa ta ce, "Ka je?" Na ce ba lokaci. Ta ce wata biyu ke nan ba lokaci. Na ce layin ba kyau, ba na jin ta sosai.

Sai da na hau bene har hawa na uku na lura silifas ɗaya ne a ƙafata. A hawa na ɗaya na tsinci ɗayan. Takalman yanzu ba su da kirki.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe 6:55 na safe

Sau huɗu. Rubutun nan ya sake fitowa a allon gaba, wai in taka birki. To me nake takawa?

Mai gida yana wanka, bai gani ba. Baba ya gani, ya juya yana kallon taga.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Na kai mata motar za ta kwana biyu a wurinta, mai gida ya haƙura da fitarsa ta Lahadi. Na so in ajiye in tafi, sai na samu kaina zaune a kan benci har awa uku.

Ta fara da rimot, ta canza masa ɗan batirinsa. Sannan ta buɗe but ɗin baya ta nuna mini ƙaramin batir a ɓoye a gefe. Ashe babban ba ya motsi sai ƙaramin nan ya tashe shi. Wani farin gari ya taru a kansa. Don murna na ce, "Ga ɓarawon!"

Ta goge, ta ɗaure, ta auna, ta sake aunawa da fitilu a kunne. Ta ce, "Wannan laifi ne. Amma ban ce shi ne laifin ba."

Na ce ta bar ni in yi murnar ko ta minti biyar ce. Ta ce in yi, ba ta hana ni ba, amma kada in kai ta gidan mai gida.

Daga nan ta jingina wani tsohon madubin kabad a bayan motar, ta karkata shi yadda za ta riƙa hango fitilun birki daga gaba. Ta kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje, tocila a baki, tana danna birki da hannu ɗaya tana girgiza wayoyi ɗaya bayan ɗaya da ɗayan. Duk wayar da ta gama da ita sai ta ɗaura mata ɗan jan zare. Na ƙirga zare goma sha tara. Ba ta tsallake ko ɗaya ba, har da waɗanda ita da kanta ta ce da wuya su ne.

Na ga masu aiki a rayuwata. Yawanci don a gan su suke yi. Wannan ko na tashi na tafi, haka za ta yi.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe 2:15 na rana

Da kanta ta kawo motar da sassafe. Danni ɗaya, ita ce ta danna.

Bayan na mayar da Baba na biya ta garejin. Ta ce cikin kwana biyu ta tayar da ita sau sittin da biyu. Da sanyin asuba, da tsakar rana, bayan ta watsa mata ruwa, bayan ta bar ƙofa a buɗe awa guda. Ko sau ɗaya ba ta ƙi ba.

Ta nemi littafin. Na ba ta wata takarda daban da na kwafe ranaku da lokuta a kai. Ta daɗe tana dubawa.

"Duk da safe ne."

Na ce e.

"Wa ke tuƙa ta ban da kai?"

"Mai gida, ranar Lahadi."

"Ta taɓa yi masa?"

Na ce ban sani ba.

Ta dube ni, ta ninke takardar ta sa a aljihu.

Na sani.

Talata, 12 ga wata, da safe

Sallar asuba a zaune. Gajiya ce.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe 8:20 na safe

Sau shida, ba ta tashi ba. Mai gida ya fito da kofin shayi a hannu. Ya ce in ba shi wuri. Ya zauna, ya danna, koriyar ta kama. Ya fito ya riƙe mini ƙofa.

Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Muna fita ya ƙwanƙwasa gilashi. "Ka gaya wa injiniyar taka ina son amsa. Ba zan kai wani makon a haka ba."

Mun makara da minti goma. A hanya Baba bai yi tsokana ba.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Na kira ta na gaya mata. Ta ce, "Ƙarfe nawa kuke fita gobe? Zan zo. Kada ka taɓa ta, ko ƙofa kada ka buɗe sai na iso."

Shekara goma sha ɗaya ina ƙasar nan. Na tashi da asuba saboda mutane ba iyaka. Ban tuna wanda ya taɓa tashi saboda ni ba.

Na so in ce mata kada ta zo.

Juma'a, 15 ga wata, ƙarfe 9:30 na safe, filin ajiye motoci na asibiti

Zan rubuta yadda ya faru, ba zato.

Shida da kwata ta iso a kan babur. Ba kwamfuta, ba akwatin kayan aiki. Ta ce in shiga in yi yadda na saba, kada in yi don ita. Ta koma bayan motar ta tsaya.

Na zauna, na gyara kujera, na taka, na danna. Rediyo ya kama.

"Ka taka birki, Kawu?"

"Na taka."

"Sake."

Na sake. Rediyo.

Ta zagayo ta buɗe ƙofata, ta tsuguna. Ba fuskata ta duba ba, ƙasa ta duba. Ni ma sai na duba. Takalmina yana kan gefen birkin, rabi a kai rabi a iska, kamar wanda ya ɗora shi ya manta. Ni kuwa a raina har ƙasa na kai shi.

A hankali ta ce, "Fitilun baya ba su kama ba. Gwada da ta hagu."

Na ce ba a tuƙi da hagu.

"Ban ce ka tuƙa ba. Taka kawai."

Na taka da hagu. Na danna. Ta kama.

Motar nan ba ta da ƙara, don haka ba abin da ya rufe shirun. Tana tsugune, ina zaune, koriyar fitila tana kallonmu.

"Tun yaushe?"

Na ce da safe ne kawai, in na ɗan yi tafiya ƙafar tana sakewa.

"Ban tambaye ka yaushe take sakewa ba."

Kafin in ba ta amsa mai gida ya fito riƙe da hannun Baba. Ya ce, "Injiniya, an dace?"

Na sha jinin jikina. Na riga na fara tunanin jakar da zan zuba kayana.

Ta miƙe ta karkaɗe gwiwa. "Na ga abin da nake nema. Ka ba ni zuwa Litinin, za ka ji komai. Yau ni zan ja ku, ina son in ji ta a hanya."

Haka na koma kujerar gefe kamar baƙo. Kuma ba ƙarya ta yi ba, ta kashe rediyo ta kasa kunne har muka iso. Baba a baya yana ta murna, wai yau mace ce ke jan sa, a kai shi ta doguwar hanya. Ta ce, "Baba, in na kai ka ta doguwar hanya nas za ta cinye ni." Ya ce ai ita ma nas ɗin tana cikin masu son sa.

Da aka shiga da shi ta miƙo mini makulli, sannan ta fasa, ta mayar aljihunta.

"Sha ɗaya da rabi zan dawo in mayar da ku. Kawu, ranar Litinin zai tambaye ni, kuma ba zan yi masa ƙarya ba. Gara ya ji daga bakinka."

Ta tafi ta hau bas. Garejinta yana can ƙarshen gari.

Juma'a, ƙarfe 12:30 na rana

Sha ɗaya da minti ashirin da biyar ta dawo.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe 3:00 na yamma

Na je wurinta da shawara. Na ce makunnin nan na ƙarƙashin birki, ai ana iya matso da shi yadda ko shafa shi aka yi zai kama.

"Ana iyawa. Aikin minti biyar ne."

"To ki yi mini. Ki ce masa shi ne, kin gyara. Kowa ya huta."

Tana kwance wata fanka, ba ta ɗago ba. "Tayar da mota ba shi ne abin ba, Kawu. Ƙafar da ba ta san ta taka birki ba mota tana tsaye, ya za ta yi a gangaren asibiti da tsoho a baya?"

Na ce shekara talatin da ɗaya ban taɓa buge ko akuya ba. Na ce lokacin da nake jan tirela ita ko rarrafe ba ta fara ba. Na ce ita a garinsu take, ba wanda zai ce ta tattara ta koma, shi ya sa gaskiya ke yi mata sauƙi. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba.

Ta bari sai da na gama. "Duk na ji. Wasu ma gaskiya ne. Amma ba zan taɓa makunnin ba." Ta turo mini kujera da ƙafa. "Zauna, ka daɗe a tsaye."

Ban zauna ba. Na fita. Wato na yi niyyar fita da sauri.

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe 8:00 na safe

Wankin mota. Taku goma ne daga rumfa zuwa famfo. Na ce bari in gwada jan motar da ƙafar hagu.

Tukunyar fulawar uwar gida ta fashe, babbar. Na share ƙasar, na dasa fulawar a bokiti.

A daidai wurin Baba ke zama shan hantsi. Yau bai fito da wuri ba.

Lahadi, bayan la'asar

Tun jiya nake neman laifin matar nan. Na juya ta ko'ina. Da ta so, da tuni ta canza wani abu ta sallame ni, ba ruwanta da abin da zai biyo baya. Da ta so, da ta faɗa a gaban mai gida ranar Juma'a ta hau babur ɗinta. Ta rufe garejinta rabin yini saboda direban da ya shigo yana tambayar ta ina bakanike.

Har yanzu ina jin haushinta. Amma in Allah ya tambaye ni, ba ni da abin da zan ce ta yi mini.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe 1:30 na rana

Shida da rabi na ƙwanƙwasa ƙofar falo, abin da ban taɓa yi ba. Na ajiye makulli a kan tebur. Na faɗa masa. Bai kai minti biyu ba. Abin da na yi wata biyu ina zagayawa, ashe bai kai minti biyu ba.

Ya daɗe yana kallon makullin. Sannan ya ce, "Kuma ka riƙa ɗaukar mahaifina a haka."

Na ce e.

Ya je ya sa takalmi, ya kira ofis ya ce zai makara. Ya ce in shiga gaba.

A hanya Baba ya taɓo kafaɗata. "Ni fa na daɗe da sani. Ina bayanka, ina ganin yadda kake ɗaga ƙafar da hannu in za ka fita."

Mai gida ya kusa sakin sitiyari. "Baba! Ka sani ka yi shiru?"

"To in faɗa ku kawo mini wani yaro mai toshe kunne da waya? Da wa zan yi hira?"

"Da ranka ake magana, Baba."

"Ran nawa da injin ke wankewa sau uku a mako? Kalli hanya, kai ma ba wani iya tuƙin ka yi ba."

Ba wanda ya yi dariya sai shi.

Ranar Laraba sabon direba zai fara. Batun takarda, mai gida ya ce bai yi mini alkawari ba, zai tambaya ya ji ko akwai hanya. Ɗakin da ya ba ni kuma in zauna zuwa ƙarshen wata mai zuwa. Bai zama dole ya yi ko ɗaya ba. Na rubuta don kada wata rana haushi ya sa in manta.

Litinin, ƙarfe 5:10 na yamma

Na kira Injiniya. Na ce mai gida ba zai kira ta ba.

Ta ce, "Madalla, Kawu."

Na ce maganganun ranar Asabar fa. Ta ce wace Asabar, tana da mota a kan jak, sai anjima.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe 11:45 na safe

Bas biyu na hau. Asibitin dai shi ne, amma ta ƙofar gaba, wadda shekara uku ina wuce ta ban taɓa shiga ba.

Likitan ya ce in cire takalmi in kwanta, in kalli silin, kada in leƙa. Ya ɗauko wani abu kamar allura. Ya fara da ƙafar hagu. Na ce na ji. Na ji. Nan ma na ji.

Sai ya koma ɗayar. Na san ya koma don na ji motsin kujerarsa. Kuma na san daidai lokacin da ya kamata in ce na ji, ina iya ƙirga shi daga numfashinsa. Bakina har ya buɗe.

Ya ce, "Nan fa?"

Na ce, "Ban ji ba."

"Nan?"

"Ban ji ba, likita."

Ya jawo takarda ya fara rubutu.